Ƙashin Teku a Masaƙar Hure

A Gidan Marke, ɗan ƙauyen nan da gonakin gero suka matse ta ko'ina a arewacin Minjibir, ba a taɓa ganin Inna Hure zaune haka kawai ba. In ta je gaisuwar mutuwa, kafin a shafa fatiha ta tsince tsakuwar da ke cikin waken gidan. In ta je barka, sai ta hango tsintsiya a yashe ta miƙe. Mata sun ce ko a sahun Idi yatsunta ba sa daina motsi. Ita kuwa cewa take yi Allah ne ya haɗa ta da daidai ita, don mijin da ta aura ma bai san zama ba: shi ƙafarsa ce ba ta hutawa, ita hannunta.

Sana'arta saƙar majanyi, ƙyallen nan mai kauri da ake ɗaure goyo da shi a kan zani. Tun tana 'yar shekara tara kakarta ta koya mata, don a samu ta daina tsinke wa mutane geza a tabarma. Masaƙarta irin ta mata ce, wadda ake jinginawa a jikin bango: dirkoki biyu, sanda a sama, sanda a ƙasa, zare a miƙe tsakaninsu. Mai saƙa ta zura abawa ta wuce, sai ta sa wata doguwar sanda mai faɗi da ake kira takobi ta buga zaren ya zauna. Duk kyan majanyi a bugun nan yake. A da gidaje bakwai ne ke wannan saƙa a ƙauyen, kowace mace da takobinta na itacen kanya. Yau saura Hure ita kaɗai. Sauran sun rasu ko ido ya ƙi, 'ya'yansu kuwa tawul ɗin kanti suke ɗaurawa. Kuma nata takobin ba na itace ba ne, na ƙashi ne.

Nababa, mijinta, shi ya kawo shi. Mutum ne da in an kai gero rumbu sai ka ga ya fara kallon hanya. Ba yunwa ke korarsa ba, gonarsa na ciyar da gidansa, zaman ne kawai ba ya iyawa. Cirani ya kai shi Ikko, Ikko ma ta yi masa kusa, ya shiga kwalekwale zuwa wani tsibirin masunta, inda yake yi musu dako yana shanya kifi. A can ne wata shekara teku ta turo wani mataccen kifi bakin gaɓa. Nababa ya rantse ya auna tsawonsa da ƙafa, taku ashirin da biyu. Mutanen tsibirin ba su yi mamaki kamarsa ba. Suka nuna masa kayan aikin da kakanninsu suka bari na ƙashin irin wannan kifi: basillar ɗinkin taru, da wata sanda mai santsi da tsofaffin matansu ke buga saƙar tabarma da ita. Da ya ga sandar sai ya tuna matarsa, da yadda take tsaki duk sanda tsagin kanya ya tsinka mata zare. Ya yi wa wani dattijo aikin wata guda a kan guntun haƙarƙari ɗaya.

A bayan tirela ya taho da shi, kwana uku, wari ya sa 'yan mota suka so su sauke shi da kayansa a daji. Ya binne ƙashin a bayan gida har maiƙon ya fita, sannan ya yi damina guda yana goga shi a kan dutse kullum in ya dawo daga gona. Wannan ce damina ɗaya tilo da aka ga Nababa zaune wuri ɗaya bayan la'asar. Ranar da ya gama bai yi wani jawabi ba, ya miƙa mata ya ce, "Gwada wannan." Tsawonsa kamu biyu, ga nauyi, ga santsi. Bugu ɗaya ta yi ta san ba za ta ƙara taɓa na itace ba. Ba ya tsagewa, ba ya cin zare, nauyinsa kaɗai ya isa ya zaunar da abawa. A makon ta kyautar da na kanyar.

Shekara shida bayan haka Nababa ya tafi bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a can, Hausawan wurin suka yi masa sutura, aka aiko da jakarsa da butarsa. Babu kabarin da Hure za ta nuna wa 'ya'yanta uku. Da saƙar nan ta riƙe su har suka girma, manema biyu kuma suka gaji da jiran ta ɗago kai daga masaƙa suka haƙura. Takobin shi ne abin da ya rage wanda hannun Nababa ya daɗe a kai. Ta san haka, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

To, da an bar ta da abinta da shi ke nan. Amma mutanenmu ba sa ganin baƙon abu su ƙyale shi a matsayinsa, sai sun nemo masa cutar da yake warkarwa. Asama'u ungozoma, maƙwabciyar Hure ta jikin katanga, ita ta fara. Ta ce ai wannan jinsin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa ne, ya kuma fito da shi daga cikinsa da ransa. Abin da ya iya fito da mutum daga ciki lafiya, yaya za a ce ƙashinsa ba zai taimaki mai naƙuda ba? Ta zo da 'yar wuƙa ta kankari kaɗan, ta jiƙa wa wata mai haihuwar fari. Yarinyar ta sauka lafiya, kamar yadda uwarta da kakarta suka sauka ba tare da sun taɓa jin labarin teku ba. Shi ke nan magana ta fita.

Malam Abdulkabir, limamin ƙauyen, ya yi wa'azi a kai har sau biyu. Ya ce shi dai bai ga wannan a littafi ko ɗaya ba, kuma Allah ne ya kuɓutar da Annabi Yunusa, ba haƙarƙarin kifi ba. Maza suka gyaɗa kai. Da cikin matarsa ya tsufa, ƙanwarta ce ta shigo gidan Hure da 'yar takarda a ƙulle a bakin mayafi, tana ta kame-kame.

Hure ba ta taɓa yarda da maganin ba. A gabanta aka goga abin nan a kan dutsen da ake wasa fartanya, ta san ƙashi ne. Amma ka gaya mini yadda mace za ta dubi idon maƙwabciyar da 'yarta ke durƙushe ta ce a'a. Ba ciniki ba ne balle ta tsawwala, roƙo ne don Allah, kuma kullum maganar ɗaya ce: "Ɗan kaɗan, Inna Hure, ko na bakin farce." Daga Makoda an zo, daga Bacirawa an zo. Da yake kowa na jin nauyin ɓata bakin da ke buga zare, sai ake kankarar bayansa, wuri ɗaya, a tsakiya. Na bakin farce na shekara ashirin da ɗoriya ya yi wa takobin ƙugu. Wurin da a da ya kai faɗin yatsu huɗu ya dawo bai fi yatsa ɗaya da rabi ba.

Wadda ta fi kowa jin haushin wannan ita ce Raudatu, 'yar farin Hure, malamar firamare a Bacirawa. Duk zuwanta gida sai ta ɗaga takobin ta duba.

"Inna, wannan fa ƙashi ne, ba magani ba. Ki ce musu su tafi asibiti. Abin Baba guda ɗaya kin bari ana cinye shi a kan idonki."

Hure ba ta amsa mata, don dama ba ta cika amsa mata komai ba. 'Yar fari ce, kunyarta take ji irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunanta, sai "waccan" ko "malamar". Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ko tana jaririya ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Son da take yi mata kuwa ya fi ƙarfin bakinta. Hanya ɗaya ta sani ta faɗarsa, ita ce ta saƙa wa ɗan Raudatu majanyi da takobin uban Raudatu.

Sau biyu ta saƙa. Sau biyu, tun ciki na wata huɗu, hannun nan nata marar haƙuri ya ɗora zare ya gama cikin mako, sau biyu kuma cikin ya zube. Ta bayar da su duka biyun, don ba ta iya ganinsu a ɗaki. Shekara goma sha biyu da auren Raudatu da mijinta Kamaruddeen babu goyo. Bayan ɓarin na biyu Hure ta naɗe takobin a tsumma ta cusa shi can ƙasan rumbu, ta ce wa masu zuwa ya ɓace. Kowa ya san ba haka ba ne, ita ma ta san sun sani, aka zauna a haka shekara uku. Shekarun nan ba ta yi saƙa ba, kuma duk unguwar sun ji a jikinsu. Ta yaɓe katangar da ba ta tsage ba, ta sauya wa akuyoyinta turke sau huɗu, ta nome kuɓewar maƙwabta ba wanda ya sa ta.

Bana Raudatu ta sake samun ciki. Hure ta yi wa kanta alkawarin ba za ta taɓa zare ba sai wata na tara ya kama. Wata biyar ta yi tana zagaya masaƙar kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta sayi abawa ta ɓoye, ta fito da ita ta duba, ta mayar. Da gero ya fara fitar da kai, Kamaruddeen ya kawo Raudatu gida goyon ciki, ya bar lambar direban da zai kai ta asibiti a Minjibir in abu ya taso. Washegari da hantsi Hure ta shiga rumbu.

Aikin kwana biyar ne in an bi a hankali, kuma dole ta bi a hankali. Ta riƙe takobin da hannu biyu kusa da ƙugun tana lallaɓawa, ita da ta saba bugu har bango ya amsa. Duk bugu sai ta tsaya ta duba ƙugun. Roƙonta ɗaya ne, ƙashin nan ya kai ta ƙarshen wannan majanyin, in ya so bayan nan ya zama gari.

Sai dai ƙarar ƙashi daban take da ta itace, kuma Asama'u ta yi shekaru tana jin wannan ƙarar ta katanga. A rana ta uku ta yi sallama.

"Ashe ɓatacce ya dawo gida," in ji ta, tana zama a kan turmi.

"Ya dawo," in ji Hure, ba ta juyo ba.

"To alhamdu lillahi. Matar ɗana ce, kin san watanta ya tsaya. Tsoro take ji, ko abinci ba ta iya ci. Na bakin farce kawai, Yaya Hure."

Hure ta ɗora takobin a cinya ta nuna mata ƙugun. "Dubi nan, Asama'u. Kin ga abin da ya rage? In aka ƙara taɓa shi ba zai ƙarasa mini aikin nan ba. Ki yi haƙuri. Ki kai ta asibiti, can maganin yake."

"Hana ni kika yi?"

"Na hana ki."

Asama'u ta miƙe tana gyara mayafi. "Ni na yanke wa 'ya'yanki uku cibiya," ta ce a hankali, ta fita.

Hure ta so a ce zaginta ta yi. Ranar ba ta ƙara bugu ko ɗaya ba, sai tsakar gida da ta share sau uku. Raudatu, da ta ji komai daga ɗaki, ta ce, "Kin yi daidai, Inna." Yabon bai yi wa Hure daɗi ba ko kaɗan.

A rana ta biyar, saura faɗin tafin hannu biyu a gama, naƙuda ta taso da azahar. Aka kira direba, ya ce yana Makoda, ruwan jiya ya ɓata hanya, a ɗan ba shi lokaci. Aka buga wa Kamaruddeen ya ce su haɗu a asibiti. Ba wanda ya aika wa Asama'u, amma ta ji nishin ta katanga, ta shigo ko kallon Hure ba ta yi ba ta wuce ɗaki. Ita Hure kunya ta hana ta shiga, uwa ba ta tsayawa a kan naƙudar 'yar fari. Ta tafi ƙofar gida ta leƙa hanya, ta dawo. Ta ɗora ruwa a wuta, ta sauke. Ta kwance akuya ta sake ɗaure ta. Ta zauna gaban masaƙa ta ɗauki takobi, ta ajiye.

Can Asama'u ta leƙo. "Yaron bai kwanta daidai ba. Wannan ba aikina ba ne, na likita ne. Ina motar?" Ta juya za ta koma, sai ta ƙara da cewa, "Tana kiranki."

Hure ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Raudatu na durƙushe ta riƙe ƙafar gado, gumi ya jiƙa ta sharkaf.

"Inna, ki kankaro mini."

"Ke da kika ce ƙashi ne?"

"Ƙashi ne, na sani. Asibiti zan tafi. Amma tsoro nake ji, Inna, kuma Baba ba ya nan. Ina so in tafi da wani abu nasa."

Hure ba ta tuna da majanyi ba sai da wuƙar ta hau ƙashin. Ta tuna, ta ci gaba. Ta kankara a ƙoƙo, ta zuba ruwa, ta shiga ɗakin da ƙafarta. Ta tallafi kan 'yarta ta ba ta a baki, abin da ba ta taɓa yi a gaban kowa ba. Asama'u na tsaye tana kallon bango.

Da ta fito ta dubi takobin, ta waiwaya ta dubi bayan Asama'u. Shekaranjiya ta ce wa matar nan babu, yau ga shi ta samo wa tata. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta yago takarda daga wani tsohon littafin Raudatu, ta sake sa wuƙa, wannan karon ba na bakin farce ba. Ta ƙulle ta cusa a hannun Asama'u.

"Na matar ɗanki. Amma don Allah ki kai ta asibiti."

"Zai karye fa," in ji Asama'u.

"Na sani."

Mota ta iso kafin la'asar. Asama'u ce ta bi su. Hure ta tsaya a ƙofar gida har motar ta ɓace cikin gero, sannan ta koma gaban masaƙa don ba ta da inda za ta sa kanta. Ta zura abawa, ta buga. Ta zura, ta buga. A bugu na huɗu takobin ya rabu biyu, ko wata ƙara mai yawa bai yi ba. Ta daɗe tana riƙe da guntayen, ɗaya a kowane hannu. Sannan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka kawo jaka da buta, don ranar gidan cike yake da mutane, yau kuwa daga ita sai akuyoyi.

Amma hannun Hure ba ya iya dogon makoki. Ta share ido ta gwada guntu ɗaya, ya yi gajarta, in ya zaunar da gefe sai ya bar gefe. Ta gwada muciya, ta tsinka mata zare. Ƙarshe da yatsunta ta ƙarasa, tana tura abawa layi-layi da farce har bakin yatsun suka ɗaye. Tana ƙulla zaren ƙarshe waya ta yi ƙara, gab da magariba. Kamaruddeen ne. An yi aiki, an ciro namiji, uwa da ɗa suna lafiya. Hure ta ce, "To, madalla," kamar an gaya mata an yi ruwa a Makoda, don da surukinta take magana, kuma zancen 'yar fari ne. Da ta kashe wayar sai ta zauna a ƙasa daɓas. Likitoci ne suka yi aikin, wannan ko Asama'u ba ta musa ba, ko da yake takan ƙara da cewa ai sai da aka sha kafin a tafi.

Majanyin kuwa, duk mai ido zai ga inda ƙashin ya tsaya. Har zuwa wurin saƙar a matse take, allura ma da ƙyar take shiga. Daga nan zuwa baki sako-sako ce, layukan a karkace, aikin da ko 'yar koyo za ta ɓoye. Hure ta so ta yanke wurin ta kalmashe kafin ranar suna. Raudatu, da aka sallamo tana tafiya a duƙe, ta tarar da ita da almakashi a hannu.

"Inna, kada ki taɓa."

"Mutane za su gani."

"Su gani. Wannan na Baba ne," ta shafa matsattsen wurin, ta gangaro da hannu zuwa sako-sakon, "wannan kuma naki ne."

Hure ta kau da kai ta ce tuwo na ƙonewa, alhali ba ta ɗora komai a wuta ba.

Guntu ɗaya ta ba Asama'u ɗungurungum, ta ce ta yi yadda ta ga dama da shi, kada dai a ƙara yi mata sallama a kansa. Ɗayan yana ƙarƙashin matashinta. Masaƙar na nan a jingine babu zare. Mai sassaƙa takobin kanya ya daɗe da rasuwa, ita ma ba ta nemi wani ba. Har bayan arba'in Raudatu ba ta iya goyo saboda ɗinki, sai yaron ya koma bayan kakarsa. In ka bi ta Gidan Marke da hantsi za ka gan ta, daga rumbu zuwa zaure, daga zaure zuwa turken akuya, majanyin a ɗaure, sako-sakon bakin na reto a ƙugunta. Yaron ba ya barci sai ana tafiya da shi, da ta tsaya sai ya tsala kuka.

"Na ji, na ji," takan ce, ta ci gaba da tafiya. "Na san jinin wa ka ɗauko."